Ranar da Tsofaffin Sojoji Suka Yi Mana Fareti a Asibiti

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da kama aikin jinya a wani ƙaramin asibiti da ke Safana ba, wani abu ya faru wanda har yau in na tuna sai in kama kaina ina murmushi ni kaɗai. Jiya wata daga cikin masu bibiyata ta tambaye ni ranar da na fi jin daɗinta a wannan aiki. Na fara rubuta mata amsa, sai abin ya ƙi tsayawa a layi biyu. To bari kawai in ba ku labarin gaba ɗaya.

Da farko ku sani ni 'yar bariki ce. A barikin soja aka haife ni, can na yi wayo, na san ƙarar begila kafin in san carar zakara. Sai da mahaifina ya yi ritaya da igiya uku, wato yana sajan, sannan muka tattara komatsanmu muka dawo Yasore, ƙauyensu a ƙasar Batsari, ya kama noma kamar bai taɓa riƙe wani abu ba sai fartanya. A wurin aiki ban cika faɗin wannan ba. Kun san da mace ta ce ita 'yar bariki ce sai a fara yi mata wani irin kallo, ana jira a ji ta daka wa wani tsawa. Ni kuwa ko kaza ban iya yi wa tsawa ba.

Wata safiya a ƙarshen damina, gyaɗa ta kusa isa cira, muka iso asibiti muka tarar da wani dattijo tsaye a bakin ƙofa. Mai gadi ya ce da sassafe ya sauka daga wata a-kori-kura da ta taso daga Babban Duhu. Ga benci nan babu kowa a kai, amma bai zauna ba. Dogo ne siriri, gemunsa fari fat, rigarsa ta sha wanki har ta koɗe amma babu ko ɗigon datti. Sai da na ce, "Baba, ku zauna mana," sannan ya zauna, ya miƙe bayansa, ya ɗora hannuwa a kan gwiwa.

Shugaban asibitinmu a lokacin wani matashi ne, jami'in lafiya mai haƙuri da son aikinsa. Oga muke ce masa. Shi ya duba dattijon. Da aka kwance tsumman da ya naɗe ƙafarsa da shi, ɗakin ya ɗauki wari. Ƙaya ce ta soke shi a gona, ga shi da ciwon suga bai sani ba, wurin ya zama gyambo, har yatsun sun fara baƙi.

Oga ya ce, "Baba, yana yi muku zafi sosai ko?"

"Babu komai, ranka ya daɗe."

"Tun yaushe ya kumbura haka?"

"Ɗan kwana biyu ne."

"Kuna samun barci kuwa?"

"Lafiya lau."

Oga ya kalle ni, na kalle shi. Aka zaunar da dattijon a bakin gado, bayansa na fuskantar ƙofa, don a wanke ciwon. Wata abokiyar aikina ta shigo ta bayansa riƙe da tiren almakashi da auduga, ta dafa kafaɗarsa don ya gyara zama. Garin haka tiren ya suɓuce ya daki siminti, ƙarafan suka tarwatse da ƙara. Kafin mu ƙifta ido dattijon nan ya diro daga gado, da ƙafar da ko takawa ba ya iya yi sosai, ya damƙe wuyan hannunta, ya manna bayansa da bango. Idanunsa sun juye, kamar ba mu yake gani ba.

Can sai ya dawo hayyacinsa. Ya saki hannun, ya dube shi, ya dubi nasa. Ya haɗe diddigensa, ya miƙar da hannuwa a gefen jikinsa, ya ce, "Ɗiyata, ki gafarce ni." Ya sunkuya ya naɗe ƙafar da tsummansa ya fita. Oga ya bi shi har bakin titi yana roƙo, ko waiwayowa bai yi ba.

Nan fa aka shiga sharhi. Wannan ta ce iskoki ne, wancan ya ce taɓin hankali ne na tsufa, mai gadi ya ce taurin kai ne kawai irin na mutanen da. Oga dai ba wannan ne ya dame shi ba. Ya ce in ƙafar nan ta ƙara ɗaukar lokaci a haka, ba yatsu ba, ita kanta za a rasa, wataƙila har da mai ita. Ni kuwa tsayuwar nan da ya yi lokacin da yake neman gafara ce ta tsaya mini a rai. Na sha ganinta. Haka mahaifina yake ƙamewa in hafsa ya zo wucewa.

Na ce, "Oga, mutumin nan tsohon soja ne."

Ya ce, "To, in soja ne fa? Gaya mini, don ni ban san komai game da su ba."

Na buɗe baki in yi bayani, sai na ga ni ma ban san ta inda zan fara ba. Na san abin a jikina, amma ban iya jera shi ba. Na ce masa ya ba ni zuwa ƙarshen mako, na san wanda zai iya.

Ranar Asabar na hau babur sai Yasore. Na tarar da mahaifina a gindin dalbejiya yana gyaran ƙotar fartanya, mahaifiyata na tsintar wake a gefe. Bayan mun gaisa, an tambayi aiki, an tambayi mutanen Safana ɗaya bayan ɗaya, na kwashe labarin na faɗa. Baba ya ajiye fartanyar.

"Igiya nawa gare shi?"

Na ce ban sani ba.

"Ba ku tambaye shi aikin da ya yi ba?"

"Ba mu tambaya ba, Baba. Ƙafa muka gani."

Ya ce, "Ba zai dawo ba. Kuma ba tsoron almakashinku ne zai hana shi ba. Kunya ce. Ya kama hannun macen da ta zo taimakonsa. Wannan ya fi masa gyambon ciwo." Ya ce su a aikinsu, wanda ya cika kukan ciwo ana ɗaukarsa rago ne mai neman zillewa, har abin ya zame wa mutum jiki, ko wuta ke cinsa sai ya ce lafiya lau.

Mahaifiyata ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ji mai bayani. Ba kai ne ka ɓoye ciwon haƙori ba har kumatunka ya yi kamar ka cusa goriba?"

Baba ya yi kamar bai ji ba. Ya ce in shirya, gobe da safe za mu Babban Duhu, mu juyo kafin la'asar, don lokacin hanya ba ta da daɗi in rana ta yi sanyi.

Shi ya tuƙa babur ɗin, ina baya. Na lura ya cusa tsohuwar hularsa ta soja a aljihu. Da tambaya muka gane gidan. Dattijon na zaune a zaure, ƙafar na kan wani turmi da aka kife, an barbaɗa mata garin magani. Da ya gan ni sai ya kawar da kai. Baba ya yi sallama, suka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi damina, aka tambayi dabbobi. Sai Baba ya zaro hular ya ɗora a kansa, ya karkatar da ita gefe.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza da sauri haka ba. Dattijon ya yunƙura zai miƙe, Baba ya ɗaga masa hannu ya ce ya zauna. Suka tambayi juna bataliya, suka tambayi juna inda aka taɓa tura su, ashe duk sun je wata ƙasar waje aikin kwantar da tarzoma, ko da yake ba lokaci ɗaya ba. Dattijon kofur ne, igiya biyu. Nan da nan Hausarsu ta koma ta bariki, suna ambaton wani mai dafa abinci da wake ba ya taɓa nuna a hannunsa, suna dariya har da buga cinya. Ni dai ina rakuɓe a bakin zaure, an manta da ni.

Da dariyar ta lafa, Baba ya nuna ƙafar ya ce, "Kofur, in an fita sintiri mutum ya ji rauni ya ɓoye, wa ya cuta?"

"Ya cuci waɗanda ke tare da shi."

"To wa ke tare da kai yanzu?"

Kofur ya dubi ƙofar da ke shiga cikin gida.

Baba ya ce, "Gobe da safe asibiti. Ni zan zo in ɗauke ka."

"Sajan, da wane ido zan kalli yarinyar nan? Ɗiyar mutane ta zo ta yi mani aiki, na kama mata hannu kamar ɓarauniya."

Sai a nan na sa baki. Na ce wa Kofur, "Baba, ita ce ma ta fi kowa tambayarku. Cewa take laifinta ne da ta yar da tire."

Daga bayan ƙyauren zaure muka ji muryar matarsa, ashe tana saurare. Ta ce, "Malam, tun da kun zo, ku ji duka. Tun da aka fara jin harbi daga wajen daji ba ya runtsawa. In ya ɗan yi gyangyaɗi sai ya zabura yana kiran sunayen mutanen da ni ban san su ba." Kofur ya sunkuyar da kai. Baba ya ce a hankali, "Ni ma na yi wannan. Gobe da safe." Kofur ya ce, "Yessa."

Washegari kafin a buɗe asibiti sun iso. Baba ya ja oga gefe ya yi masa magana kaɗan. Ya ce a zaunar da shi inda yake ganin ƙofa, kada kowa ya zo masa ta baya, duk abin da za a yi a faɗa masa kafin a taɓa shi, kuma kada a ɓoye masa komai don lallashi. Oga ya saurara kamar ɗalibi, har yana maimaitawa. Abokiyar aikina ta ce ita za ta wanke ciwon da kanta. Ta zo ta gabansa ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, yau na riƙe tiren da hannu biyu." Kofur ya yi dariya, ya rufe fuska da tafinsa.

Sai oga ya jawo kujera ya zauna daidai da shi, ya yi masa tambayar da Baba ya koya masa. "Kofur, da a bariki kuke yau, za ku iya fita fareti da ƙafar nan?"

Ya ce, "Ba zan iya ba, ranka ya daɗe. Ko takalmi ba ya shiga. In dare ya yi kamar ana hura mata wuta."

Mutumin da ya ce mana babu komai, ga shi yana ba da rahoto tiryan-tiryan. Oga ya gaya masa gaskiya, cewa aikin ya fi ƙarfinmu, sai babban asibiti a Katsina, kuma da wuya yatsun su tsira, amma in aka yi sauri ƙafar za ta tsira da yardar Allah. Kofur ya gyaɗa kai ya ce, "Yanzu na ji magana. Yaushe za mu tahi?" A ranar Baba ya raka shi Katsina.

Bayan sun tafi, oga ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ce mutum nawa irin wannan suka zo mana muka sallame su da maganin ciwon jiki, don sun ce lafiya lau? Da Baba ya dawo, oga ya roƙe shi ya zo wata rana ya yi wa ma'aikata bayani. Baba ya ce shi ba malami ba ne, amma zai zo da mutum biyu ko uku su taya shi. Aka sa ranar Alhamis da hantsi.

Ni fa tun daga ranar na rasa sukuni don murna. Na goge kayan aikina har sau biyu. Na dama kunun zaƙi a ƙaramin bokiti, na ce ai ya ishi baƙi uku har su yi ƙari. Na yi sammako don in share baranda in jera kujeru kafin su zo.

Ina shawo kwanar asibiti na ja na tsaya. Harabar ta cika da tsofaffi. Wasu daga Batsari, wasu daga cikin Safana, wasu daga ƙauyukan da ban ma san akwai tsohon soja a cikinsu ba. Ashe Baba ya gaya wa mutum biyu, su kuma suka gaya wa 'yan mazan jiya na yankin kaf. Wannan da koɗaɗɗiyar hula, wancan ya maƙala lambobinsa a ƙirjin babbar riga, wani da sanda, wani hannu ɗaya gare shi. Kuma ba zama suka yi ba. Sun karɓi tsintsiya wurin mai gadi sun share harabar tas, sun tuge ciyawar da ke bayan ɗakin haihuwa, har duwatsun bakin hanya sun jera su a layi. Mahaifiyata na gindin bishiya tare da wasu matan nasu, ta hango ni da bokitina ta fara dariya.

Da oga ya iso, Baba ya gyara murya ya ba da oda. Ni da na san muryar nan tun ina goye sai da na zabura. Tsofaffin nan suka watsar da tsintsiya suka shiga sahu. Suka taka daga bakin ƙofa zuwa baranda, hagu dama, hagu dama, mai sanda na bin su da sandarsa daidai da taku. Gwiwoyi sun tsufa, layin ba ya miƙe sosai, amma kawunan nan a sama suke. Marasa lafiya suka fito daga ɗakuna, masu jego na leƙe ta taga, masu babur suka tsaya a titi. Wata tsohuwa da ta kawo jikarta rigakafi ta rangaɗa guɗa. Suka ja suka tsaya a gaban oga, suka buga ƙafa lokaci ɗaya, suka sara masa. Bawan Allah ya rasa yadda zai yi, ya ɗaga hannu zai rama, ya ga abin awon ƙirji ne a hannun, sai kawai ya durƙusa ya ce, "Ina kwananku, iyayena." Aka fashe da dariya. Ni kuwa ina tsaye ina tafi, hawaye na zuba, na manta gaba ɗaya cewa ina ɓoye ni 'yar bariki ce.

Aka shimfiɗa tabarmi a inuwa, don kujerun ba su kai ko'ina ba. Ba wani jawabi aka yi ba, hira ce. Abokiyar aikina ta fara tambaya, me ya sa ba sa faɗin ciwo. Mai hannu ɗayan nan ya ce, "Ɗiyata, ranar da na rasa wannan, na kusa da ni ya rasa ransa. Daga ranar in na ce wani abu na yi mani ciwo sai in ji kunyarsa. Kada ki tambaye ni ko akwai ciwo. Tambaye ni mi ciwon ya hana ni yi." Wani ya ce su an saba musu da a gaya musu ina za a, me za a tarar, me ake so su yi. In aka miƙa musu ƙwaya kawai aka ce a sha, sai su ga kamar an tura su daji ba bayani.

Sai wani ma'aikacinmu mai ba da magani, cikin zumuɗi, ya ce, "Baba, da gaske kun taɓa harbe mutum?"

Na ji kamar in nutse. Wani tsoho da tun da aka zauna bai ce uffan ba ya dube shi ba tare da fushi ba, ya ce, "Malam, ba laifinka ba ne, kowa na son ya sani. Amma wannan tambayar ka bar ta. In mutum ya yarda da kai, wata rana shi zai faɗa da kansa. In kana so ka taimake shi, tambaye shi yaya barci." Mai ba da maganin ya ce ya gode, kuma na ga har ransa ya faɗa.

Mahaifiyata ta ɗaga hannu daga wajen mata. Ta ce, "Likita, in ka tambaye su barci ma lafiya lau za su ce. Mu za ka tambaya. Mu ne muke kwana da su, mu muka san wanda ke zabura, mu muka san wanda ya daina cin tuwo." Matan suka ce ƙwarai kuwa. Mazan suka shiga gyaran hula.

Su ma ba su ƙyale mu ba. Wani ya ce abin da ke kashe masa jiki da asibiti shi ne a ce ya zo da safe, ya zo, a bar shi a benci har azahar ba wanda ya ce masa ci kanka. Oga ya yi musu bayanin ƙarancin ma'aikata, ya ce wata rana shi kaɗai ne ga haihuwa ga haɗari. Tsohon ya ce, "To ai wannan mun san shi, mun sha riƙe wuri da mutum kaɗan. Fito kawai ka ce mana an samu matsala, a ƙara jira. Za mu jira har magariba." Mu ma muka faɗi namu. Na ce suna da wata ɗabi'a, da sun ɗan ji sauƙi sai su ajiye magani, alhali hawan jini da suga ba a yi musu haka. Baba ya juya ya dube su ya ce, "Kun ji. Wannan oda ce." Suka amsa baki ɗaya.

Da aka gama, oga ya ce tun da Allah ya tara su, babu mai tafiya sai an auna shi. Suka sake shiga layi, ba turereniya, ba wanda ya tsallake wani. Aka samu da yawa jininsu ya hau ba su sani ba. Baba na gefe yana kula da layi, hannu a baya, kamar shi abin bai shafe shi ba. Na ce, "Baba, saura ku."

"Ni lafiyata lau."

Duk wurin aka kwashe da dariya, har da shi. Na ɗaura masa abin awo. Na duba, na sake aunawa. Nasa ya fi na kusan kowa hawa. Sai a lokacin ya yarda cewa ya jima yana jin ciwon ƙeya da jiri in ya sunkuya a gona. Mahaifiyata ta taso ta karɓi maganin da hannunta ta ɗaure a bakin zane, ta ce daga yau ita ce kwamanda. Kunun nan kuwa, da ƙananan kofuna suka raba shi, kowa ya samu kurɓi, har suna yaba mini.

Kafin su watse, wani ya tambayi labarin Kofur. Baba ya ce an yi aiki, yatsu sun tafi, ƙafa ta tsira, amma zai jima a kwance, ga gyaɗarsa ta isa cira. Ba a yi wata doguwar shawara ba. Ranar Asabar tsofaffin nan suka cika a-kori-kura da 'ya'yansu da fartanyoyi suka nufi Babban Duhu. Matar Kofur ta ce mini kafin la'asar sun cire gyaɗar sun tara. Da aka sallamo shi ya ga aikin, wai ya daɗe tsaye a bakin gona yana kallo.

Abin da wannan ya koya mini shi ne, mu ma'aikatan lafiya an horar da mu mu saurari jiki, amma kowane jiki da inda ya fito. Mutumin da ya shekara da shekaru ana koya masa ya haɗiye ciwo ba zai amayar da shi don kawai ya ga fararen kayan asibiti ba. Ba taurin kai ba ne, tarbiyya ce, kuma ita ta tsare masa rai a wani wuri. Mu ba sojoji ba ne, ba ma buƙatar mu zama. Abin da ake so kawai mu san da wa muke magana. Tun daga lokacin, ni da oga da sauran, duk asibitin da aka mayar da mu mun tafi da wannan.

Bayan kamar shekara, wata ranar kasuwa, Kofur ya shigo yana ɗan ɗingishi, tare da wani magidanci da bai wuce sa'an yayana ba. Ya ce ɗan maƙwabcinsa ne, bai daɗe da barin aikin soja ba, daga arewa maso gabas ya dawo. Ya zaunar da shi, ya ce masa, "Nan ana iya magana." Ya fita ya ba mu wuri.

Na gaishe shi, na tambayi inda ya yi aiki, ya faɗa a taƙaice. Ban matsa ba. Yana ta murza hularsa a hannu. Can ya ɗago, idanunsa sun yi ja, ya ce, "Malama, ba na barci. Kuma 'ya'yana tsorona suke ji."

Na jawo kujerata kusa, na ce, "To, mu fara daga nan."